In aka dawo da mamot yau, a ina za ta iya rayuwa?

Ɗan Tudun Wada

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masana dabbobi ce. Tun da kamfanin nan na Amurka, Colossal, ya nuna ɓerayen da ya canza wa ƙwayoyin halitta suka yi dogon gashi irin na mamot (giwar nan mai gashi ta zamanin ƙanƙara da ta ƙare) a watan Maris na 2025, ya kuma ce yana sa ran samun ɗan mamot na farko wajen 2028, maganar ta ƙi mutuwa. Ni ba ko za su iya nake tambaya ba. Mu ɗauka sun iya, ga giwar ƙanƙara nan tsaye da ranta. Za ta rayu a duniyar yau kuwa? Iskar da muke shaƙa za ta karɓe ta? Me za ta ci? Kuma in aka ce a kawo ta nan, a sake ta a Yankari ko a killace ta a wani fili wajen Shika, kwana nawa za ta yi? Don Allah mai amsawa ya zo da lissafi, ba "ina jin" ba.

Likitan Dabbobi, Samaru

Wa alaikumus salam Malam. Batun iska a ajiye shi gefe, ba matsala ba ne. Iskar oksijin da mamot ta shaƙa ita ce kashi 21 cikin ɗari ɗin da muke shaƙa yau. Ba irin su dainoso ba ce da suka tafi tun shekaru miliyan 66. Ragowar mamot na ƙarshe sun mutu ne kimanin shekara 4,000 da suka wuce a tsibirin Rangel da ke arewacin Rasha. Kwale-kwalen Dufuna da aka tono a Yobe ya haura shekara 8,000, wato lokacin da ake sassaƙa shi mamot na nan tana kiwo.

A nan gida kuwa zafi ne zai kashe ta, kuma ba za ta ga damina ba.

Mamot mai gashi ba ta fi giwar Afirka girma ba, duk da yadda masu zane ke kambama ta. Toro yakan kai mita 2.7 zuwa 3.4 a kafaɗa, nauyinsa har tan 6, mace kuma wajen tan 4 ta tsaya. Dabba mai tan 5, ko tana tsaye ba ta komai, jikinta na samar da zafi kusan wat 2,000, kamar a ce an kunna manyan hita biyu a cikinta dare da rana. In tana tafiya ko abinci na narkewa a hanjinta, abin ya ninka. Dole wannan zafin ya sami hanyar fita, in ba haka ba zafin jikin da ya kamata ya tsaya wajen digiri 36 sai ya yi ta hawa.

Giwarmu tana da hanyoyinta. Kunnenta kan doshi mita biyu a tsawo, siriri, cike da jijiyoyin jini, tana kaɗa shi jinin ya huce ya koma jiki. Fatarta babu gashin kirki, ga tsage-tsage da ke riƙe ruwa da laka su daɗe suna bushewa. Ba ta zufa irin ta doki, saboda haka wanka da birgima a taɓo su ne zufarta.

To duk waɗannan ƙofofin a toshe suke a jikin mamot, kuma da gangan aka halicce ta haka. Kunnenta bai wuce santimita 38 ba. Wutsiyarta gajeriya ce. Gashin waje kan kai santimita 90, a ƙarƙashinsa ga wani mai laushi a cunkushe, sannan kitse mai kaurin da kan kai santimita 10. Fatar na fitar da maiƙo da ke hana ruwa ratsa gashin. Har jininta daban yake: binciken 2010 ya nuna sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jininta yana iya sakin sa ko da ƙafafun sun yi sanyi ƙarara, ta yadda za ta bar ƙafafun su huce ba tare da ta yi asarar ɗumin gangar jiki ba.

Ga lissafin da ka nema. A watan Maris da Afrilu, tsakar rana a Zariya kan kai digiri 37 ko fiye. Da zarar iska ta fi jiki zafi, zafi ba ya fita da kansa, shiga ma yake yi. Hanya ɗaya ta rage: ruwa ya bushe a kan fata. Lita ɗaya in ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai megajul 2.4 (ma'aunin yawan zafi). Zafin da dabbar ke samarwa a yini, tana hutawa kawai, ya kai megajul 170 da ɗoriya. Kenan sai sama da lita 70 sun bushe a kan fatarta kullum, ba a kan gashi ba. Ruwan da ya bushe a saman gashin da ke nesa da fata, gashin ya sanyaya, ba dabbar ba.

Yadda abin zai zo a jere sananne ne, don shi muke gani a shanun Turai masu madara. Tun daga digiri 25 Firiziyan ke fara wahala: ta rage ci, madara ta ragu, ta daina ɗaukar ciki. Abin da ya sa ke nan ake barbarar su da Bunaji a cibiyar binciken dabbobi ta Shika maimakon a riƙe su zalla. Mamot za ta daina ci da rana, ta shige ruwa ta ƙi fita, ta rame, sannan wata rana cikin bazara ta faɗi, hanta da ƙoda su tsaya. Sanyin hunturun da muke rufa da bargo biyu a Janairu, digiri 13 ko 14 da asuba, a wurinta bazara ce.

Ɗan Tudun Wada

Na gode Dokta. To in aka yi mata aski fa, a tanadar mata tafki da inuwa?

Likitan Dabbobi, Samaru

Aski zai rage, ba zai warkar ba. Kitsen na nan, kunnen na nan ƙarami. Ka kuma buɗe wa rana fatar da ba ta taɓa ganin ta ba, ka buɗe wa kaska da ƙudan tsando. Sannan ka tuna kafin a aske dabba mai tan 5 sai an sa ta barci. Giwa ana harba mata maganin etofin, miligiram kaɗan ne, ba ya wuce 20 ko ga babban toro. Dole ta kwanta a gefe, in ta faɗi a kan ƙirji numfashi na gagarar ta cikin mintoci. A miƙar da hannunta a sa ɗan kara a bakin hancin kada ya rufe, a yi ta kwara ruwa a kunne, domin maganin kansa na ɗaga zafin jiki. A giwa mai faffaɗan kunne ma zafin nan ne abin tsoro. A mamot babu inda za ka kwara ruwan ya yi aiki. Gashin kuma sake tsirowa zai yi, sai a maimaita.

Abin da zai riƙe ta a Zariya shi ne ɗaki mai sanyi, na'ura na aiki ba yankewa. Ina ganin ba sai na yi bayanin abin da zai faru da wannan shirin a nan ba.

Malama Mai Nazarin Makiyaya, Shika

Dokta ya gama da namu. Ni kan ƙasashen sanyin zan yi magana, domin mutane na ɗauka da an kai ta Saiberiya shi ke nan ta koma gida. Gidan ba ya nan.

Inda mamot ta rayu ba dusar ƙanƙara ce mai zurfi ba. Fili ne busasshe mai sanyi, mai ciyawa da ƙananan ganyaye masu fure, ya miƙe tun daga Sifen har Kanada. Shekara 20,000 da suka wuce teku ya yi ƙasa da kusan mita 120, ana taka ƙasa daga Saiberiya zuwa Alaska. Ruwan sama kaɗan ne, ƙasa a tsane, dusar ƙanƙara ba ta da kauri, ciyawa na bushewa a tsaye ta zama harawar hunturu. An san abin da take ci ba da zato ba, domin an sami abinci a cikin gawarwakin da ƙanƙara ta adana, har da ciyawar da ke bakin wadda aka tono a kogin Berezofka a 1901. Binciken 2014 ya nuna ganyayen nan masu fure, waɗanda suka fi ciyawa gina jiki, suna da babban kaso a abincin.

Yau mafi yawan wannan yanki jiƙaƙƙe ne: gansakuka, ƙananan itatuwa, dazukan itacen fir, da fadamu masu nutsar da ƙafa in ƙasa ta narke da bazara. Gansakuka ba abincin giwa ba ne. Taɓo kuma tun a da yana cin su. Jaririyar mamot ɗin nan Liyuba da aka samu gawarta a Yamal da ke arewacin Rasha a 2007, mai shekara kusan 42,000, laka aka samu cike da hancinta da maƙogwaronta.

Yawan abincin fa? Giwa ba ta tuƙa kamar saniya. A babban hanji take narkar da ciyawa, kuma abin da take amfana da shi bai kai rabin abin da ta ci ba, sai ta rama da yawa. Babba na cin ɗanyen ganye wajen kilo 150 a yini, tana kiwo awa 16 ko fiye. A busasshen nauyi, kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari na nauyin jikinta ne, wato kilo 50 zuwa 75 ga mai tan 5. Saniya mai kilo 250 na cin kilo 6 da ɗan wani abu. Kenan mamot ɗaya shanu goma ce wajen ci, tan 20 da wani abu na busasshiyar ciyawa a shekara. Wannan ba wani abin firgita ba ne a inda ciyawa ke tsiro wata shida. A can kuwa lokacin tsiron wata biyu zuwa uku ne, abin da ya fito a nan shi za a ci har shekara ta zagayo.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan sama a kan dusar ƙanƙara. Yankin na ɗumama kusan ninki huɗu a kan sauran duniya. In aka yi ruwa cikin hunturu sannan sanyi ya dawo, sai ƙanƙara mai tauri ta rufe ciyawa. A hunturun 2013 zuwa 2014 wannan ya kashe barewar ƙanƙara kusan 61,000 a Yamal, da yunwa, alhali ciyawa na ƙarƙashin ƙafarsu. Mamot na da ƙarfi da hauren fasa ƙanƙara fiye da barewa, amma tana bukatar ta fasa abin da zai ba ta kilo 60 kullum, ba sau ɗaya ba.

Sai fili. Rangel na da faɗin murabba'in kilomita 7,600, kuma binciken 2024 ya nuna mamot 200 zuwa 300 ya riƙe na tsawon shekara 6,000. Raba ka gani: kowace ɗaya murabba'in kilomita 25 zuwa 38. In ana son garke 500, ana maganar Yankari biyar zuwa takwas, tun da Yankari murabba'in kilomita 2,244 ce. Gandun gwajin da masanin Rasha Sergey Zimov ya kafa a 1996 kusa da garin Cheriski a Saiberiya, inda ake sakin dawaki da ɓauna da raƙuma don a ga ko za su mayar da gansakuka ciyawa, abin da aka katange wajen murabba'in kilomita 20 ne. A wancan lissafin ko mamot ɗaya bai isa ba.

Inda ya fi kama da tsohon gidanta yau shi ne tuddan Altai, wajen da Rasha da Mongoliya da Sin da Kazakistan suka haɗu. Can ma makiyaya ne da tumakinsu.

Abu Ƙofar Doka

Malama, da girmamawa, ina ganin kin ɗora wa yanayi fiye da kasonsa. Mamot ta taɓa ganin ɗumi irin na yau. Kimanin shekara 125,000 da suka wuce duniya ta yi ɗumin da ya kai na yanzu, teku ya fi na yau cika. Yawansu ya ragu, suka takure a arewa, da sanyi ya dawo suka sake bazuwa. Abin da ya bambanta karo na ƙarshe shi ne mafarauta masu mashi. A Mezirich da ke Yukiren an tono bukkokin da aka gina da ƙasusuwan mamot fiye da ɗari, shekara 15,000 da suka wuce. Dabbar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara huɗu ko biyar ba sai an yi mata kisan kiyashi ba. A riƙa ɗauke 'yan kaɗan sama da abin da ake haifa, cikin ƙarnuka ta ƙare.

Kuma hujjar Zimov ita ce dabbobin ne ke yin filin, ba filin ke yin su ba. Su ke tumɓuke itatuwa, su tattake gansakuka, kashinsu ya zama taki, ciyawa ta samu wuri. Giwar Afirka na yin haka a idonmu, tana mayar da kurmi fili. In haka ne, rashin mamot ne ya kawo gansakukar, ba gansakukar ce ta kore ta ba.

Malama Mai Nazarin Makiyaya, Shika

Malam Abu, ban musa hannun ɗan Adam ba, masana ma sun rabu biyu a kai kuma akasari suna cewa abu biyun ne suka haɗu. Amma duba tsibirin Sent Pol na Alaska. Mamot ta ƙare a can shekara 5,600 da suka wuce, babu mutum ko ɗaya a tsibirin. Teku ya cika, tsibirin ya tsuke, tafkunan ruwan sha suka ragu, su kuma suka tattake bakin tafkin da ya rage har ya cika da laka. Ƙishirwa ce ta kashe su. Maganar Zimov kuwa, ko da gaskiya ce, garke dubbai take bukata da shekaru masu yawa. 'Yan farkon da za a saka, kafin su gyara filin me za su ci? Harawa za a riƙa kai masu da mota, kuma dabbar da ake kai wa harawa ba a ce tana rayuwa da kanta ba.

Malam Na Kongo

Kun tsaya kan mamot mai gashi, alhali dangin giwa da suka shuɗe suna da yawa, kuma ita ce ma mafi wuyar sha'ani a cikinsu.

Asalin mamot ɗin kanta Afirka ne. Mafi tsufan ƙasusuwanta, na kimanin shekara miliyan 5, a kudanci da gabashin Afirka aka same su, an kuma sami wani nau'in a Chadi da Arewacin Afirka. Gashin daga baya ya zo, bayan zuriyar ta shiga ƙasashen sanyi. Akwai mamot ɗin Kolombiya da ta rayu a Amurka har Meziko, ta kai mita 4 da tan 10, a wuraren da ba su da tsananin sanyi.

In ana neman wadda yanayin yau zai karɓa ba gyara, ni uku zan nuna. Mastodon ta Arewacin Amurka, wadda ta ƙare wajen shekara 11,000 da suka wuce, ganye da rassa take ci. Haƙoranta masu tudu-tudu ne na tauna itace, ba masu layi-layi na niƙa ciyawa irin na mamot ba, kuma dazukan fir da fadamun da take so suna nan shimfiɗe a Kanada. Ta biyu giwar Turai mai miƙaƙƙen haure, wadda toronta kan kai mita 4 da tan 13. Ita a lokutan ɗumi take yawaita, a daji irin wanda ke Jamus da Faransa yau, kuma ƙwayoyin halittarta sun nuna tana da dangantaka ta kusa da giwar kurmin Afirka. Ta uku dangin gomfotiya na Kudancin Amurka da suka rayu a ƙasa mai zafi irin Burazil.

A nan Afirka akwai wata babbar giwa mai cin ciyawa, 'yar'uwar ta Turan nan, wadda ta mamaye gabashin nahiyar shekaru masu yawa kafin ta ɓace. Irin wannan da za a sake ta a Yankari, gamba da kyasuwa za su ishe ta, zafi ba zai dame ta ba.

Sai dai me? Abin da ya sami giwar da muke da ita shi zai same ta. Duk Najeriya giwayen da suka rage ba su kai 500 ba, na Yankari wajen ɗari ne. Ba yanayi ne ya rage su ba. Gona ce ta ci hanyoyinsu, harsashi ya ci sauran. Ka ɗauki garke ka sa a fadamar Galma lokacin da rake ya nuna, dare ɗaya za a yi a wayi gari da rigima. Shingen lantarki ma ba ya tsare toro mai wayo, domin haure ba ya ɗaukar wuta, da shi yake tsinka wayar ko ya tura itace a kanta. Shi ya sa ake haɗawa da amyar zuma da barkono da masu gadin dare.

Kuma mamot tafiyayyiya ce. An bi sawun wani toro da ya rayu a Alaska shekara 17,000 da suka wuce ta hanyar sinadaran da ke cikin haurensa, domin haure na tsiro ne hawa-hawa yana ajiye alamar ƙasar da aka yi kiwo. A shekara 28 na rayuwarsa ya yi tafiyar da ta kusa zagaye duniya sau biyu. Yau duk inda ya nufa sai ya tarar da titi, bututun mai ko shingen iyaka. Ga haure mai kilo 45, wani har 90. Cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe an hana shi tun 1989, amma na mamot da ake tonowa a Saiberiya halal ne a dokar, ana ma fakewa da shi a sayar da na giwa. Ranar da mamot mai rai ta taka ƙasa, wannan dokar sai an sake ta.

Hajiya Likita, Sabon Gari

Ɗan Tudun Wada ya ce mu ɗauka an iya, amma yadda za a iya ɗin shi ke nuna irin dabbar da za a samu, saboda haka ba a tsallake shi.

Ba rayar da matacce za a yi ba, wannan ba ya hannun kowa sai Allah. Babu ƙwayar halittar mamot mai rai ko ɗaya. Abin da ake samu a gawarwakin gutsattsarin DNA ne, ana karanta su a jera a kwamfuta. Sai a ɗauki ƙwayar giwar Asiya, wadda ita ce 'yar'uwarta mafi kusa, sun rabu kimanin shekara miliyan 6, a canza wasu wurare: na gashi, na kitse, na jini, na jin sanyi. A cire cibiyar ƙwayar a sa a ƙwan giwa, a dasa a mahaifa. Abin da za a haifa giwar Asiya ce mai wasu siffofin mamot. Mastodon da Malam Na Kongo ya fi so ma ba ta cikin lissafi, domin ta rabu da giwaye shekara miliyan 25, babu uwar da za ta ɗauki cikinta.

Kowane mataki da inda yake karyewa. Giwa na yin ƙwai sau ɗaya ne a kusan wata huɗu, kuma ma'ajiyar ƙwan na can ciki, nesa da inda hannu ko na'ura ke kaiwa cikin sauƙi. Tunkiyar nan Dolly da aka samar a 1996 ta hanyar dasa cibiyar ƙwaya a ƙwai sai da aka gwada ƙwai 277 aka samu ita ɗaya. Akuyar dutsen Sifen da aka dawo da ita a 2003 bayan ta ƙare, mintoci ta yi ta mutu saboda huhunta bai daidaita ba. Wannan a dabbobin da cikinsu wata biyar ne. Na giwa wata 22 ne, ga giwar Asiya ita ma tana cikin haɗarin ƙarewa.

A ce an haihu lafiya, ɗa mai kilo 90 zuwa 100. Nono zai sha shekara biyu zuwa uku ko fiye. Madarar shanu na kashe ɗan giwa da zawo, domin kitsen nonon giwa daban ne. Daphne Sheldrick ta Kenya, mai renon marayun giwaye, ta yi shekaru tana gwaji kafin ta gano sai an haɗa da man kwakwa, kuma duk awa uku ake ba shi, dare da rana. In uwar ce za ta shayar, to uwar 'yar ƙasar zafi ce, ɗan kuma na sanyi. A ina za a ajiye su? Giwar da ta zauna a gidan dabbobin Alaska, Maggie, sai da aka ɗauke ta zuwa Kalifoniya a 2007 saboda zaman ɗaki na tsawon hunturu ya lalata mata lafiya.

Sai hanji. Ɗan giwa na cin kashin uwarsa don ya sami ƙwayoyin bakteriyar da ke narkar da ciyawa. A hanjin Liyuba an sami nono da kashin babba, kenan mamot ma haka take yi. Wannan ɗan zai gaji ƙwayoyin narkar da gora da ganyen Indiya, a kai shi inda babu su.

Abin da ba a iya dasawa kuma shi ne ilimin garke. Tsohuwar uwa ce ta san inda ruwa yake a shekarar fari, da hanyar da za a bi, da ganyen da ba a ci. Samari kuma manyan toraye ne ke tsawata masu. A gandun Pilanesbag na Afirka ta Kudu an saki marayun giwaye babu manya, da suka balaga suka kashe karkanda fiye da 40, ba su daina ba sai da aka kawo manyan toraye shida a 1998. Mamot ta farko ba ta da babba ko ɗaya a duniya.

Lokaci ma a lissafa. Giwa na fara haihuwa a shekara 10 zuwa 15. In komai ya tafi daidai garke na ƙaruwa da wajen kashi 5 cikin ɗari a shekara. Daga 10 zuwa 500 a wannan saurin shekara 80 ne. Labari mai daɗi ɗaya ne a nan: na Rangel daga wajen guda takwas suka faro, duk da barbarar dangi suka kai ɗaruruwa suka daɗe. Ƙarancin iri kaɗai ba zai hana ba.

Ɗan Tudun Wada

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura cuta, Dokta bai taɓo ta sosai ba. Wacce ce za ta fara kama ta?

Likitan Dabbobi, Samaru

A can arewa akwai ƙwayar cutar antaraks a daskararriyar ƙasa. A 2016 da zafi ya narkar da ita a Yamal, barewa sama da 2,000 suka mutu, har da yaro ɗaya. Amma wannan akwai rigakafinta. A killace kuma tarin fuka ne, wanda giwa ke ɗauka daga mutane, da ciwon ƙafa saboda tsayuwa a kan siminti.

Wadda za ta fara zuwa ita ce EEHV, ƙwayar cutar da kusan kowace babbar giwa ke ɗauke da ita ba ta nuna komai, amma ita ce kan gaba wajen kashe 'ya'yan giwar Asiya a gidajen dabbobi, akasari masu shekara ɗaya zuwa takwas, lokacin da kariyar da suka samu daga uwa ta ragu. Tun da jikin wannan ɗan na giwar Asiya ne, uwar da ta haife shi ita za ta ba shi. Alamun su ne kasala, ƙin shan nono, kumburin kai da wuya, harshe ya koma shuɗi. In aka jira harshen ya canza an makara, domin jijiyoyin jini sun riga sun fara yoyo, cikin yini ɗaya zuwa 'yan kwanaki ake rasa shi. Saboda haka ake koya wa ɗan tun yana ƙarami ya ba da kunne a ɗebi jini duk mako a auna. Da an ga ƙwayar na hawa a fara maganin famsikulobir, a yi ƙarin ruwa, a ƙara masa ruwan jinin wata babbar giwa da aka riga aka gwada ya dace. A mamot ɗin nan kunnen da za a ɗebi jinin ƙarami ne kuma gashi ya rufe shi, sai a koma jijiyar ƙafar baya, a riƙa aske wurin kowane mako.